Yadda motar da aka yi wa sauye-sauye za ta ci gwajin hayaƙi idan ka koma wata jiha a Amurka

Ƙanina ya yi shekara shida a Tampa, jihar Fulorida, kuma duk wanda ya san shi ya san motarsa, wata Subaru WRX ƙirar 2016. Ya cire mata akwatin iska na asali ya sa wani buɗaɗɗen bututu, ya sauya bututun salansa da ke bayan turbo da wanda babu katalis (na'urar tace hayaƙi) a ciki, sannan ya sa aka ɗora wa ƙwaƙwalwar motar sabuwar manhaja don ta ƙara ƙarfi. A can babu wanda ya taɓa ce masa uffan, domin Fulorida ta daina gwajin hayaƙi tun shekarar 2000. Sai Allah ya ba shi aiki a Sacramento, jihar Kalifoniya, kusa da ni. Kwana goma sha biyu da saukarsa ya kira ni, muryarsa a sanyaye: "Yaya, mai gwajin hayaƙin nan bonet kawai ya ɗaga ya haska tocila, sai ya ce in tafi in gyara kafin ya jona ta da kwamfuta." Sati biyar muka yi muna fama kafin motar ta samu lambar Kalifoniya, kuma rabin wahalar da muka sha da mun kauce mata in da mun fara shiri tun yana Tampa.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne wannan: a jiha mai tsauri, kusan kowane sauyi da ka yi wa hanyar iska, hanyar mai, hanyar hayaƙi ko manhajar mota, ɗayan biyu ne. Ko dai yana da takardar amincewa da sabuwar jiharka ta yarda da ita, ko kuma ka mayar da shi yadda kamfani ya ƙera. Hanya ta uku da wasu ke bi, ta dabara da ɓoye-ɓoye, kuɗinta ya fi yawa, haɗarinta ya fi girma, zan zo kanta daga baya.

Mataki na farko: ka san dokar gundumar da za ka sauka

Mutane da yawa suna tambayar ko jiha kaza tana gwaji. Tambayar da ta fi dacewa ita ce ko gundumar da gidanka yake tana ciki, domin a jihohi da dama abin ya danganta da adireshi ne. Teksas ta soke binciken lafiyar motocin gida daga 1 ga Janairun 2025, amma gwajin hayaƙi yana nan a gundumomin da ke kewaye da Houston, Dallas, Fort Worth, Austin da El Paso, kowace shekara, ga motocin fetur masu shekara 2 zuwa 24. Jojiya tana yin sa ne a gundumomi 13 na yankin Atlanta. A Illinois yankin Chicago ne da gabashin St. Louis, a Virginia kuma arewacin jihar, kusa da birnin Washington. New York duk shekara take duba mota, ta haɗa lafiya da hayaƙi a zama ɗaya. Michigan ba ta yi, Minnesota ta daina tun 1999, jihar Washington ta rufe nata a farkon 2020.

Kalifoniya ce mai tsauri, kuma a kanta zan fi daɗewa, domin motar da ta ci a can za ta ci kusan a ko'ina. Shirinsu, wanda suke kira Smog Check, ya fara a 1984, hukumar BAR mai sa ido kan gyaran motoci ce ke kula da shi, kuma duk shekara biyu ake yi. Motocin fetur ƙirar 1975 zuwa baya ba sa ciki, haka na dizal ƙirar 1997 zuwa baya. Akwai wani tarko da ke kama baƙi: za ka ji an ce motar da ba ta wuce shekara takwas ba an ɗauke mata gwajin. Gaskiya ne, amma ga wadda ta riga ta yi rajista a jihar. Wadda ta shigo daga wata jiha sai an gwada ta a karon farko, ko da sabuwa ce fil.

Ka kuma duba wa'adin rajista. Kalifoniya kwana 20 take ba ka daga ranar da ka zama mazaunin jihar ko ka kama aiki, Teksas da New York kwana 30, Maryland kwana 60. Kwana ashirin ba komai ba ne ga wanda zai nemi kayan gyara, ya jira su iso, a ɗaura, sannan ya yi kwanaki yana tuƙi kafin ƙwaƙwalwar motar ta shirya.

Wani abu da ya kamata a faɗa a fili: cire na'urar tace hayaƙi daga motar da ke hawa titi laifi ne a dokar tarayya ta tsaftar iska, wadda aka kafa a 1963 aka ƙarfafa a 1970 da 1990, kuma ta shafi duk jihohi hamsin. Rashin gwaji a Fulorida bai halatta abin ba, rashin mai dubawa ne kawai.

Mataki na biyu: ka zauna ka lissafa abin da aka taɓa

Ka ɗaga bonet da rana, ka nemi wata 'yar takarda da aka manna a cikinsa ko a kusa da radiyeta, mai bayanin na'urorin hayaƙin motar. A jikinta za ka ga ko an ƙera motar bisa ƙa'idar tarayya kaɗai ko har da ta Kalifoniya, ka ga jerin na'urorin da ya kamata a samu a jikinta, da wata doguwar lamba ta rukunin injin. Ka ɗauki hotonta, za ka buƙaci lambar nan sau da yawa. Motar da aka ƙera bisa ƙa'idar tarayya kaɗai ba a hana ta rajista a Kalifoniya idan ka riga ka yi mata rajista da sunanka a jihar da ka baro. Za a gwada ta ne bisa abin da aka ƙera ta da shi.

Daga nan sai ka bi iska tun daga inda take shiga har inda take fita. Matatar iska da aka sauya a cikin akwatinta na asali ba matsala. Amma in an cire akwatin gaba ɗaya an sa bututu, wannan sai da takarda. Bawul ɗin turbo da ke fesar da iska waje yana wannan ƙarar "fishh" da samari ke so, shi ma abin dubawa ne. Sai bututan da ke fitowa daga kan injin, sai katalis, sai sensar iskar oksijin ta gaba da ta baya, sai bawul ɗin EGR mai mayar da wani ɓangare na hayaƙi cikin inji, sai 'yan ƙananan tiyo na tururin mai da na numfashin inji. Duk tiyon da aka toshe ko aka bari a buɗe za a gani. Abin da ke bayan katalis na ƙarshe, wato tukunyar salansa da bututun wutsiya, ba ya shiga lissafin hayaƙi, sai dai ƙara: a Kalifoniya ƙananan motoci ba su da ikon wuce desibel 95.

Idan hannu ka sayi motar, kada ka yarda da ƙwaƙwalwarka ko maganar wanda ya sayar maka. Ka kai ta gareji a ɗaga ta sama a duba ƙarƙashi. Na ga katalis da aka fafe cikinsa aka mayar da kwanon, daga waje lafiya lau, ka ƙwanƙwasa ka ji fanko.

A nan ne ɗabi'ar da muka taso da ita a gida take cutar da mu. A Kano ko Kaduna, da mota ta fara nauyi sai bakanike ya ce a cire "indomi", wato wannan saƙar da ke cikin katalis mai ɗauke da platinum da palladium da rhodium. Da ta fara zafi sai a cire tamostat a jefar. Wutar cek-injin in ta dame ka sai a zare ƙwan. Ko ɗaya daga cikin ukun nan ba ya wucewa a inda ake gwaji a Amurka. Motar da ba ta da tamostat injinta ba ya kai zafin da ake buƙata, ƙwaƙwalwar ta ƙi kammala gwaje-gwajenta, ta kuma jefo lambar matsala P0128. Ƙwan cek-injin kuwa shi ake fara dubawa: a murɗa makulli ba a tayar da inji ba, dole ya kama, a tayar kuma dole ya mutu.

Mataki na uku: raba masu takarda da marasa takarda

Hukumar kula da iska ta Kalifoniya, CARB, wadda aka kafa a 1967, tana gwada kayan ƙari da kamfanoni ke ƙerawa. Wanda ta gamsu ba ya ƙara gurɓata iska sai ta ba shi lambar amincewa da ake kira EO, mai farawa da harafin D, sai lambobi. Lambar tana zuwa a buge a jikin kayan ko a sitika da ake mannawa cikin bonet, kuma ana iya neman ta a shafin hukumar.

Sai dai ka lura da kyau. Samun lambar EO a jikin kaya bai wadatar ba. Takardar tana lissafa motocin da ta shafa, da shekarunsu da injinsu, wani lokaci har da lambar rukunin injin nan da na ce ka ɗauki hotonta. Bututun iska ɗaya zai iya halatta a ƙirar 2014 ya haramta a ƙirar 2016. Ka buɗe takardar ka karanta da idonka har ka ga motarka a ciki, ka buga ta a takarda ka ajiye a aljihun dashbod. Idan sitikar ta ɓace, kamfanin da ya ƙera kayan kan aiko da wata in ka nuna shaidar saye. Duk kayan da aka rubuta wa cewa na filin tsere ne kaɗai, ko ba na hawa titi ba ne, ka sa shi cikin jerin abin cirewa ba tare da ɓata lokaci ba.

A jihohin da ba su kai Kalifoniya tsauri ba, mai gwajin ya fi mayar da hankali kan abin da kwamfuta ta nuna da kuma ganin katalis yana wurinsa. Bututun iska marar takarda zai iya wucewa a Houston ko Atlanta muddin bai kunna wutar cek-injin ba. Katalis da aka cire kuwa ba shi da mafaka a duk inda ake gwaji.

Mataki na huɗu: ka yi aikin tun kafin ka tashi, in da hali

Wannan ita ce shawarar da ta fi kowacce rage asara. A garin da ka baro kana da bakanikenka, ka san inda ake samun kaya, babu wa'adin da ke bin ka. Sannan in ka gyara a can ka tuƙo motar zuwa sabon gari, doguwar tafiyar da kanta za ta taimaka wa ƙwaƙwalwar ta kammala yawancin gwaje-gwajenta.

Wanda ya ajiye kayan asali da ya cire ya huta, da tsohuwar zuma ake magani. Ƙanina ya ajiye akwatin iskarsa a ɗakin ajiyar wani abokinsa, aka aiko mana da shi, amma bututun katalis ɗin ya sayar tun shekarar da ya cire, kuma nan ne kuɗi suka tafi. Akwatin iska, tiyo da murfuna za ka iya samun na hannu a filin tsofaffin motoci ko wajen masu irin motarka, ba laifi. Katalis ne ke da doka ta daban. A Kalifoniya ba a yarda a sayar ko a ɗaura katalis na hannu ba. Naka na asali da ka cire za ka iya mayarwa, in babu shi kuwa sai sabo daga kamfanin motar ko na kasuwa mai lambar CARB, ƙa'idar da ta fara aiki a 2009. Lambar tana buge a jikin ƙarfen, mai gwaji zai shiga ƙarƙashi da tocila ya karanta ya gwama da motarka, kuma dole a ɗaura shi a gurbin na asali. Kolorado ta bi sahu daga Janairun 2021, New York da Maine su ma suna da irin wannan doka. Saboda haka in a Teksas ko Fulorida za ka yi gyaran, ka faɗa wa bakanike ƙarara cewa mai lambar CARB kake so, domin abin da ya saba ɗaurawa shi ne mai araha na ƙa'idar tarayya, wanda za a sa ka cire a can. Araha ba ta ado.

Akwai kuma lokacin da lissafi zai nuna maka motar ba ta cancanci wahalar ba. Babbar motar dizal da aka cire wa matatar toka da EGR da na'urar ruwan DEF mai rage gubar hayaƙi, mayar da su kan ci dubban daloli. In ka yanke shawarar rabuwa da ita, ka yi kafin ka shiga Kalifoniya, domin a can mai sayarwa ne doka ta ɗora wa kawo takardar cin gwaji wadda ba ta wuce kwana 90 ba.

Mataki na biyar: manhajar ƙwaƙwalwa

Da can mutane kan mayar da ƙarafa su bar manhajar, tunda ido ba ya ganin ta. Wannan ƙofar ta rufe a Kalifoniya ranar 19 ga Yulin 2021. Na'urar gwajin tana karanta lambobi biyu daga ƙwaƙwalwar mota, ɗaya sunan manhajar, ɗaya kuma wata lamba da ake lissafowa daga abin da ke cikinta, wadda ke sauyawa da zarar an taɓa ko da abu kaɗan. In ba su dace da na kamfani ko na wata manhaja mai lambar EO ba, motar ta faɗi, ko da hayaƙinta ya fi na kowa tsafta.

In da 'yar na'urar hannu aka ɗora manhajar, yawanci ita ce ke riƙe da kwafin ta asali, kuma tana da zaɓin cire kanta gaba ɗaya daga motar. Shi za ka zaɓa. Akwai wani zaɓi mai kama da shi da ke ba ka yanayin tuƙi irin na asali alhali na'urar tana nan a ɗaure. Wannan ba ya mayar da lambobin. In na'urar ta ɓace, ko a gareji aka yi aikin, sai ka koma wurin wanda ya yi, ko ka je wurin dillalin kamfanin motar su sake ɗora ta asali. Ƙananan akwatunan da ake jonawa tsakanin sensa da ƙwaƙwalwa su ma a cire su da wayoyinsu duka.

Jerin aikin yana da muhimmanci. Ka fara mayar da ƙarafa, sannan manhaja, a rana ɗaya in zai yiwu. Manhajar asali a kan manyan nozul ko buɗaɗɗen bututun iska tana iya sa inji ya sha mai fiye da kima ko ƙasa da kima, na biyun kuwa yana ƙona inji mai turbo. Kuma lokacin ɗora manhaja ka tabbata batir a cike yake, kada wuta ta yanke ana tsakiyar aiki.

Mataki na shida: ka ba motar lokaci ta gwada kanta

A nan ne gaggawa ke kayar da mutanen da suka gama komai daidai. Kusan duk ƙaramar motar da aka sayar a Amurka daga 1996 tana da tsarin binciken kai da ake kira OBD-II, da soket mai ƙofa 16 a ƙarƙashin sitiyari. Ƙwaƙwalwar tana yi wa kanta gwaje-gwaje yayin da kake tuƙi: na katalis, na sensar oksijin da hitarta, na EGR, na tururin tankin mai. Kowanne in ya kammala sai ya nuna ya shirya. Da zarar an goge lambobin matsala, ko an cire batir, ko an ɗora manhaja, duka sai su koma farko. Shi ya sa dabarar goge cek-injin a bakin ƙofar wurin gwaji ba ta aiki: wutar ta mutu, amma kwamfutarsu za ta ga babu abin da ya shirya.

Jihohi da dama suna bin ƙa'idar hukumar kare muhalli ta tarayya, EPA, wadda ke yafe gwaji biyu marasa kammala ga ƙirar 1996 zuwa 2000, ɗaya kuma ga 2001 zuwa sama. Kalifoniya ta fi haka matsewa. Shekaru da yawa na tururin mai kaɗai take yafewa ga motocin fetur daga 2000 zuwa sama. Ni dai shawarata kada ka je sai duka sun shirya.

Ka sayi 'yar sikana ta OBD, irin wadda ake jonawa da waya, kuɗinta bai kai na cika tanki ba. Da ita za ka riƙa dubawa kowace yamma maimakon ka yi ta canki-canki. Kowane kamfani yana da nasa tsarin tuƙin da ke sa gwaje-gwajen su kammala, ka nemi na motarka, amma gangar jikinsu ɗaya ce. Ka bar mota ta kwana ta huce sarai, man tanki yana tsakanin kwata da kashi uku cikin huɗu, domin gwajin tururi ba ya tashi in tanki ya cika maƙil ko ya kusa ƙarewa. Da safe ka tayar ka bar ta tana aiki a tsaye minti biyu zuwa uku. Ka hau babbar hanya ka riƙe gudun mil 55 zuwa 60 ba hawa ba sauka na kamar minti goma. Sai ka ɗaga ƙafa daga totur ka bar ta ta rage gudu da kanta har wajen mil 20 ba tare da ka taka birki ba, a inda babu mota a bayanka. Ka ƙara da zagayen cikin gari, tsayawa da tashi. Mu bayan sallar asuba muke fita, hanya fayau. Na katalis da na oksijin sun shirya a kwana na biyu, na tururin mai sai da ya kai mu kwana shida.

Akwai kuma lambobin matsala masu naci a motocin 2010 zuwa sama, waɗanda sikana ba ta iya gogewa. Ƙwaƙwalwar ce kaɗai ke share su bayan ta tabbatar an gyara. Kalifoniya ta fara duba su daga Yulin 2019. Tana kau da kai daga gare su ne kawai in motar ta yi mil 200 kuma injin ya huce ya sake ɗaukar zafi sau 15 tun gogewar ƙarshe.

In wutar cek-injin ta dawo a kwanakin nan, alheri ne, gara ka gani a gida. P0420 na nufin katalis ba ya aiki yadda ya kamata, amma kafin ka zargi katalis ɗin ka duba ko iska na zuba a mahaɗin bututu, abin da ke yawan faruwa bayan an kwance an ɗaura da tsohon gasket. P0171 iska ce ta yi yawa, sau da yawa wani tiyo ne aka manta ba a mayar ba. P0455 da P0442 yoyon tururin mai ne, ka fara da murfin tanki.

Mataki na bakwai: takardu da ranar gwaji

Kada ka jira motar ta shirya kafin ka je ofishin rajistar motoci, wato DMV. Ka je cikin wa'adi da takardar mallaka, rajistar tsohuwar jiha da inshora, ka cike fom, a duba lambar jikin motar, ka biya kuɗin. A Kalifoniya biyan kuɗi a kan lokaci shi ke tsayar da tarar jinkiri, ko da takardar hayaƙi ba ta iso ba tukuna. Ka tambaye su izinin tuƙi na wucin gadi in kana buƙata.

Kafin gwajin gaske, ka roƙi gareji mai lasisi ya yi maka duban share fage. Dalili shi ne sakamakon gwaji yana shiga rumbun hukuma, kuma duk mai son sayen motar nan gaba zai iya ganin ta taɓa faɗuwa saboda an taɓa na'urorinta. Ranar gwajin ka tuƙa ta minti ashirin ta yi zafi sosai, ka sake jona sikana a wurin ajiye motoci ka tabbata komai na nan a shirye, ka miƙa wa mai gwajin takardun EO tun kafin ya tambaya. Motocin 2000 zuwa sama duba ido ne da kwamfuta. Waɗanda suka girme su ana sa musu na'ura a bututun wutsiya a auna hayaƙin kansa. In ta ci, sakamakon yana tafiya DMV ta intanet, kuma yana aiki kwana 90.

In ta faɗi, ko kuma injin ne aka sauya

Ka karɓi rahoton ka karanta sashen da ta faɗi. In kana ganin an yi maka kuskure, misali kayanka na da EO mai gwajin bai gane ba, ko manhajarka ta asali ce aka ce ba ita ba, Kalifoniya tana da alƙalan gwaji na jiha da suke kira Referee, galibi a harabar kwalejojin al'umma, ana kama layi da su ta waya. Su ne kuma ke duba motar da aka sa wa injin wata mota. Ƙa'idar a taƙaice: injin ya zama na shekarar motar ko wanda ya fi ta sabunta, daga rukunin mota iri ɗaya, ya zo da dukkan na'urorin hayaƙinsa da ƙwaƙwalwarsa. In ta ci sai su manna mata takarda a jiki, daga nan kowane wurin gwaji zai iya duba ta. Tallafin gyara da jihar ke ba masu ƙaramin ƙarfi, da sassaucin da ake yi wa wanda ya kashe kuɗi mai yawa motar ba ta ci ba, duka ba sa shafar motar da aka cire wa na'urori sai an mayar da su.

Za ka haɗu da masu ba ka gajeriyar hanya. Wani zai ce ya san inda ake biyan ɗari-ɗari a fito da takarda ba a ga mota ba. Wani zai ce ka sa wa sensar baya ɗan ƙarfen da ke janye ta daga hayaƙi. Wani zai ce ka bar lambar tsohuwar jiha, ko ka yi rajista da adireshin ɗan'uwa a gundumar da ba a gwaji. Ina roƙonka kada ka bi ko ɗaya. Takardar bogi laifi ne da ake gurfanar da mutane a kansa, kuma na'urar gwajin tana aika wa hukuma bayanan motar da aka jona, har da lambar jikinta a sabbin motoci, saboda haka jona wata mota a madadin taka yana barin sawu. Ɗan ƙarfen sensa ana ganin sa da ido. Adireshin ƙarya kuwa yana iya sa kamfanin inshora ya ƙi biya ranar da ka yi haɗari, ranar da ka fi buƙatarsa. Ga wanda ke kan biza ko yake jiran takardar zama, shiga hannun hukuma a kan zamba saboda bututun salansa asara ce da ba ta misaltuwa. Ban da wannan ma, duk wanda ya ga yadda hazo ke kwanciya a kwarin San Joaquin da rani, da yawan yaran da ke fama da asma a can, zai gane dalilin da ya sa suka tsananta.

Bayan ƙanina ya karɓi lambarsa, bai haƙura da son ƙarfin mota ba. Ya nemi bututun iska da manhaja masu lambar EO da suka lissafa ƙirar motarsa, ya ɗaura su, ya manna sitikar a cikin bonet, ya sa kwafin takardun a dashbod tare da rasit ɗin katalis. Akwatin iska na asali kuma yana cikin kwali a garejina, an rubuta sunan motar a jiki, har zuwa gwaji na gaba nan da shekara biyu.